An Rataya Mata Ƙashi Don Ta Ce Na'am

Da wannan kakar, shekara takwas ke nan da muka kai yayana Malam Iro makwancinsa a Kurfi. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta namu zuwan. Kowace shekara a zaure muke tunawa da shi, mu yi addu'a mu watse. Bana kuwa abin da na gani a wuyan 'yarsa ya hana ni yin shiru, shi ya sa na kawo maganar jarida.

Gaban malami ɗaya mahaifinmu ya zaunar da mu. Muka sauke, muka shiga littattafai. Ni na tsaya nan, na kama sayar da hatsi a kasuwar Dutsin-Ma. Shi aka ɗauke shi boko, ya fito malamin elemantare yana koyar da Turanci. Bokon nan ma da nake rubutu da shi, shi ya koya mini da girmana, yana ajiye kowane harafi kusa da ɗan'uwansa na ajami.

Duk wanda ya zauna a zauren ilimi ya san yadda ake ɗaukar karatu. Ɗalibi ya ja Larabci, malam ya fassara da Hausa, ɗalibi ya ce na'am, sannan a wuce gaba. Na'am ɗin nan ba ado ba ne. Idan ɗalibi bai gane ba sai ya yi shiru, malam kuwa ya ji shirun, ya maimaita, ya sauya misali, har na'am ya fito. Da haka magabatanmu suka mallaki harshen da ba a nono suka sha shi ba, har suka yi waƙa da shi, suka yanke shari'a da shi.

Wannan hanyar Yaya ya ɗauka ya shiga da ita aji. Yaro ya karanta jimlar Turanci, Yaya ya ba shi ma'ana, ya jira na'am. Idan kowa ya amsa, sai ya rufe Hausa, ya kama yi musu Turanci zalla, ya aike su, ya tambaye su, ya sa su tambayi juna. Ya kan ce mini kunne ma yana da haƙƙinsa, amma ba ya zuba wa yaro abin da bai tabbata yana da wurin zama ba.

Ana gab da samun mulkin kai sai wani mai duba makarantu ya zo, Bahaushe ne kamarmu, bai daɗe da dawowa daga kwas ba. Ya zauna bayan aji ya saurara, da aka tashi ya kira Yaya. Yaya ne ya ba ni labarin da bakinsa.

"Malam Iro, wannan ai zaure ka mai da ajin gwamnati. An yi bincike, an tabbatar yaro ya fi kama Turanci idan bai ji harshensu ba ko kalma ɗaya."

"Ranka ya daɗe, a kan 'ya'yan wa aka yi binciken? Akwai na ƙauyen Barkiya a ciki?"

"Ba musu na zo yi ba. Daga yau babu na'am. Su ce yessa."

Ba na jayayya da masu bincike, ban karanta littattafansu ba. Mai yiwuwa inda yaro ke jin Turanci a gida da kan titi, hanyarsu ta yi. Amma yaron ƙauyen Rawayau da ya baro awaki da safe, in ya bar ƙofar makaranta wa zai ji yana Turanci? Abin da ke ci mini rai har yau, ba wanda ya zauna ya gwada hanyoyin biyu a kan yaranmu. Umarni kawai aka aiko, aka sa masa sunan ilimi.

Yaya ya bi umarni, don yana da iyali. Ajin ya cika da amo, komai ya faɗa sai yara su ɗauka gaba ɗaya, yessa! Shirun da yake auna su da shi ya ɓace. Rannan ya zo gidana, aka kawo tuwo ya ƙi taɓawa. Ya ce, "Ka san mi na yi yau? Na tambaye su da Turanci, ku jakuna ne? Wallahi duk ajin suka ce yessa, har da murna." Na fara dariya, da na dubi fuskarsa na haɗiye ta. Washegari ya koma hanyarsa ta da. Labari ya kai sama, aka karɓe Turanci daga hannunsa, aka tura shi wani ƙauye ya riƙa koyar da lissafi. Can ciwon ƙirji ya kama shi, can rai ya yi halinsa.

'Yarsa Hadiza tana hannuna tun lokacin, yanzu tana babban aji a nan Dutsin-Ma. Kwanan baya ta dawo da muƙamuƙin akuya rataye a wuya da igiya, tana ɓoye shi cikin mayafi. Ashe sabuwar dabarar makarantarsu ke nan. Wanda aka ji ya yi Hausa a rataya masa, shi kuma ya yi ta farautar wani, wanda aka tashi yana wuyansa ya sha bulala ya tafi gida da shi. Na ce, "Mi kika faɗa, ɗiyata?" Ta ce, "Baba, wata ce ta kira sunana ta baya, na ce na'am." Ta ƙara da cewa ita ta gama da boko, gara ta zauna ta taya Inna, matata, sussuka.

Da Yaya yana raye ya ga wannan, me zai ce? An hana yara su nuna ba su gane ba, yanzu kuma an koya musu ɗana wa juna tarko. Yarinyar da ubanta ya rasa ajinsa a kan na'am, ita aka rataya wa ƙashi a kan ladabin da muka koya mata. Wane bincike ne ya ce tsoro yana buɗe baki? Ni dai abin da na gani, ƙara rufe shi yake yi.

Da safe na sa ƙashin a aljihu na tafi makarantar. Malamin ajinsu, Garba, ɗalibin Yaya ne tun yana ɗan ƙarami. Na hango shi a fili ya juya baya, yana jera yara. Na ɗaga murya.

"Garba!"

"Na'am, Baba!"

Yara suka juyo suna dubanmu. Na ciro ƙashin na miƙa masa. Na ce, "To, ya faɗo kanka. Rataya."

Ya dubi ƙashin, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, doka ce daga sama." Na ce, "Wanda ya koya maka Turancin da kake cin abinci da shi, da ƙashi ya koya maka?" Ya karɓa, ya zagaya bayan aji, na ji ƙarar faɗuwar ƙashin a ramin shara.

Ba zan ce an soke dokar ba, tana nan a sauran azuzuwa, kuma don ita na yi wannan rubutu. Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar littafi ba, waɗanda suka kore shi ma sun manta sunansa. Abin da ya bari yana bakin ɗalibansa, yana fitowa kafin su yi tunani. Hadiza ta koma makaranta. Jiya ta gaya mini Malam Garba ya karanta musu wata jimla, ya tambaya ko sun gane, ita ta yi shiru. Ya tsaya, ya dube ta, ya maimaita.