Gaɓa Tara a Tankin Baba Clarrie

A garinmu Cunnamulla in ka ambaci Clarrie Voigt, ba wanda zai tuna maka cewa ya yi shekara hamsin yana kiwon tumaki. Kwaɗo za a tuna. Ni ne kuwa na baza labarin, don a gabana aka yi.

Wata Talata ce, a shekara ta uku da ɗaukewar ruwa. Ni nake kai wasiƙu gidajen gona na yamma, nasa ne na ƙarshe, mil arba'in daga gari. Ya ce in zauna a sha shayi, ya ɗauki buta ya kara a famfon tankinsa. Famfo ya yi tari sau biyu, ya tofo laka, sai ga wani ɗan koren kwaɗo ya faɗo cikin butar, tsulum. Baba Clarrie ya leƙa ciki ya daɗe. Ya tsamo shi a hankali, ya ajiye a inuwar tankin.

"Baba, da nama ake shayin yau?" na ce.

Bai amsa ba. Na ɗauka fushi ya yi.

Abin dariyar shi ne, duk yankin babu wanda ya kai shi sanin ruwa. Tankinsa, mai tara ruwan sama daga rufin gida, na kwano ne mai gaɓa-gaɓa, gaɓa ashirin da huɗu daga ƙasa zuwa sama, kowace gaɓa galan arba'in da huɗu, duro guda ke nan cif. Kowace safiya yakan bi jikin tankin yana ƙwanƙwasawa daga sama. Inda babu ruwa ƙarar takan yi wayam, inda ruwa ya fara sai ta dushe. Nan zai tsaya ya ƙirga. In an yi ruwan inci ɗaya, kafin rufin ya gama ɗiga ya gaya maka an samu galan ɗari biyar da ashirin. Gwamnati ta daɗe da komawa lita, shi ko a jikinsa. Ya ce lita mudun masu ba jariri magani ne.

Da matarsa Beryl tana raye, galan tara suke kashewa a rana, kuma kullum suna faɗa a kan na taran, wanda take zuba wa furanninta. Da ta rasu ya koma huɗu. Ɗaya na shayi da girki, biyu na wanka da wanki, na huɗun na furannin da ya yi shekaru yana zagi. Tumakin ya sayar. Karen ya mutu bai sake wani ba. In na tafi ranar Talata, ba ya sake ganin fuskar mutum sai wata Talatar.

'Yarsa Noelene ma'aikaciyar jinya ce a birnin Toowoomba, kuma ta gaji taurin kansa kaf. Ta gyara masa ɗaki a gidanta ya ƙi. Daga ƙarshe suka yi yarjejeniya: ranar da ruwan tanki ya sauka ƙasa da gaɓa biyar, zai haɗa kayansa ba gardama. Kowace Lahadi takan buga waya, shi kuma ya faɗa mata adadin da ƙarfi, ya ajiye kan waya. Lahadin da ta wuce kafin zuwan kwaɗo, gaɓa tara ya ce mata.

A Talatar nan na ƙwanƙwasa tankin da kaina. Wayam, wayam, har gindinsa. Ruwan bai cika gaɓa ɗaya ba. A bayan tankin, inda ba ya zagawa, ciyawa ta fito shar a tsakiyar fari. Tsatsa ta ci ɗinkin ƙasa, ruwa yana ta zurarewa.

"Baba Clarrie, tankinka ya huje!"

Yana tsaye ya ba ni baya. Na sake faɗa. Sai da na dafa kafaɗarsa ya juyo a firgice, a nan na gane. Kunnen ne ya tafi. Ashe ya fi wata shida yana ƙwanƙwasa tanki ba ya jin komai. Lissafi kawai yake yi da ka: galan huɗu a rana, gaɓa ɗaya duk kwana goma sha ɗaya. Lissafin kuwa ba kuskure ko ɗaya a ciki, tankin ne ba a gaya masa ba.

Na nuna masa hujin, na sauke masa jarkokin ruwan da ke motata. Ya riƙe hannuna ya ce, "Des, wannan maganar ta tsaya nan." Na ce to.

Noelene ban gaya mata ba, wannan na cika. Amma da yamma a mashayar gari aka ce me ya sa nake murmushi ni kaɗai, ni kuma labarin kwaɗo ya fi ƙarfin bakina. Matar mai mashaya tare suka yi makaranta da Noelene. Ranar Asabar motar Noelene ta iso gonar.

Bai yi gardama ba, don shi mutum ne mai alkawari. Abin da ya nema kawai a ba shi lokaci ya zuba wa furanni galan ɗinsu. Ya bar famfon tankin a ɗan buɗe, yana ɗiga.

Bayan wata takwas na je Toowoomba ganin likitan haƙori, na biya gidan. Ɗakinsa tsaf, taga tana kallon katangar maƙwabta. An saka masa abin ji a kunne. Noelene ta ce min a ɓoye ba ya buɗe famfon wanka. Bokiti mai galan biyu yake tarawa ya shiga da shi, in ya rage ya fito da ragowar yana neman abin da zai zuba wa. Gidan duk siminti ne.

"A'a, gidan rediyon Cunnamulla ne da kansa," ya ce da ya gan ni. "Zauna, kafin ka je ka ce ban ba ka kujera ba."

Na ba shi labarin gida. An yi ruwa inci biyu a watan jiya. Na ga leɓensa yana motsi.

"Dubu da arba'in," ya ce. "Da ya kusa cika." Ya kalli katangar. "Duk ya bi ta hujin nan."

Noelene ta kawo shayi ta fita. Sai na ɗaga murfin butar na leƙa ciki da gangan.

"Ina dubawa ne, Baba. Ko abokinka ya biyo ka."

Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali.

"Ka bar kwaɗon nan, Des. Shekara biyu muna shan ruwa ɗaya ni da shi, bai taɓa kai ƙarata wurin kowa ba. Kai sau ɗaya a mako kake zuwa."