Kocin da Na Ɗauko Daga Ringim

Jama'a, ku ji wanda ya shigo motata yau!

Na yi lodi daga Ringim zuwa Dutse, ina ta masifar wasan ƙwallon ƙungiyarmu na Asabar. Na ajiye aikin yini guda na je fili, koci ya jibge mutum biyar a baya, kuma aka ci mu biyu!

Sai dattijon da ke gidan gaba ya ce, "Direba, ni ne kocin."

Wata Hajiya ta ce, "Ba shi haƙuri mana."

Na ce, "Haƙurin me, Hajiya? Yallaɓai, dama kai nake nema!"

Ya ce, "Sauke ni a shataletale."

Na ƙara wuta. Na ce, "Sai tasha! Biyar a baya na mene ne?"