Daminar da Jirage Ba Su Zo Ba

Yayana, wanda muke kira Hamma kamar yadda ake yi a Yola, sana'a uku gare shi a Jimeta lokacin da aka samu 'yancin kai. Yana da kwale-kwalen da ke kai buhunan gyaɗa ga jiragen kamfani idan Binuwai ta cika da damina. Yana da rumfar abinci a bakin kogi. Ya kuma gina ɗakuna a unguwar Luggere yana ba da haya. Ni ina koyarwa a firamare, ina zaune a ɗaya daga cikinsu.

Yakan ce ba ya tsoron karaya, domin in ɗaya ta faɗi, biyu na tsaye.

Wata rana Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga Yola, ya zagaya da ita ya nuna mata komai.

Ta ce, "Su wa ke cin abincin nan?"

"Leburorin jirgi, Goggo."

"Ɗakunan fa?"

"Su ne dai."

"To ɗana, ai sana'a ɗaya gare ka, jirgi. Ka nemi abin da babu ruwansa da kogin nan."

Ya yi dariya, amma yana jin nauyinta. Ya sayi karsana ya ba wani makiyayi kiwo, ya karɓi wata 'yar gona a Yolde Kohi, wadda sai ya ga dama yake leƙawa.

Da aka fara yaƙin basasa, hanyar ruwa ta kudu ta toshe. Kogi ya cika kamar kullum, Hamma yakan je gaɓa da safe ya tsaya, har ruwa ya janye jirgi bai zo ba. Leburori suka watse. Aka kife tukwanen rumfa, ɗakuna suka zama ba kowa sai ni kaɗai, kwale-kwalen kuma ya sayar wa masunta da araha.

Dawar gonar nan muka ci shekarar. Ba ta isa ba, aka sayar da maraƙi aka cike.

Bayan yaƙi motoci suka karɓe jigilar gyaɗa. Ma'aikatan sabuwar jiha suka kama ɗakunan. Hamma ya ƙara da noman albasa da rani, ya saya wa matarsa keken ɗinki. Bai sake yin arzikin da ya yi a da ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kai ba.