Yatsun Malam Kalilu Mai Makulli

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Daura da sassafe ya san rumfar. Kwano uku ne a kan itace huɗu, sai benci, sai wani tebur da ya sha mai har ya yi baƙi. Kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙofofinsu, Malam Kalilu ya riga ya yayyafa ruwa ya share gabansa, ya rataye makullai, ya jera magagari da 'yan tsinkayen ƙarfensa a kan tsohon buhu. Sai ya zauna ya sha kokonsa, ba sukari, yana amsa gaisuwa da kai. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Juma'ar da ta wuce ya naɗe buhun nan naɗewar ƙarshe, ya ajiye sana'a, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunana Rauda, ina koyarwa a wata firamare da ke hanyar Sandamu, kuma in ana ba da kambun zubar da makulli, ba ni da abokin karawa a unguwarmu. Ta nan na san shi. Duk lokacin da na tsaya gaban rumfarsa ina sosa ƙeya, sai ya ce, "Malama, ke da kike riƙe yara sittin a aji, ɗan ƙarfe guda ya gagare ki?"

Yanka makulli kowa na iya koya, yanzu har inji ke yi. Abin da aka san Malam da shi shi ne buɗe kwaɗo ko ƙofa ba tare da ya fasa ba. Emeka mai sayar da kayan gyaran mota ya ba ni labarin ranar da makullan shagonsa suka faɗi a hanyar Mai'adua. Ya riga ya aro guduma, Malam ya karɓe ta ya ajiye gefe, ya ce kwaɗon bai yi masa laifin komai ba. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya buɗe guda uku, kuma har yau da su Emeka ke kulle shago. Amma sai da ya kira maƙwabta biyu suka tsaya. Wannan dokarsa ce: ba ya taɓa kwaɗo sai mai shi yana tsaye, kuma akwai wanda zai ce, "E, nasa ne." An taɓa ɗaukarsa a babur har Baure, ya isa ya ga mai kiran ba shi da shaida, ya sha ruwa ya ce a mai da shi gida.

Kai ne mai lallashin ƙarfe, Malam. Ka shiga gidaje da shagunan da ba su ƙirguwa, ka ga inda mutane ke ɓoye abinsu, ba a taɓa jin bakinka ba.

Sai dai wannan amana ita ta kusa sa sana'ar ta mutu a hannunsa. 'Ya'yansa biyu maza sun bi wasu hanyoyin, kuma duk wanda ya zo neman ya koya, da ya tambayi minti nawa ake ɗauka a buɗe, Malam ya sallame shi. Ana nan ciwon suga ya kama shi, ya fara cinye masa jin yatsu. Aikin nan kuwa da yatsu ake ganinsa, ido ba ya shiga cikin kwaɗo. Likita ya gaya masa gaskiya, abin ba ya komawa baya. Ya yi shiru da maganar, yana ta lissafin wa zai bar wa, ga lokaci yana tafiya.

Wadda ta fara ganewa ita ce Barakatu, maƙwabciyarmu, mace mai shekara arba'in da uku da mijinta ya rasu, tana ɗinkin hula tana riƙe kanta. Ta kawo masa wani ɗan kwaɗo, ta ga tsinke ya faɗi daga hannunsa sau biyu bai ji faɗuwarsa ba. Ta duƙa ta ɗauka ta miƙa masa. Shi kuma ya tsura wa hular da ke hannunta ido, ɗinki ƙanana reras kamar an jera ƙwayar gero.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Malam."

"Gobe ki zo da hantsi. Ki zo da wanki ko ƙanenki, ya ji abin da zan ce."

Washegari, a gaban ɗan'uwanta, ya ce zai koya mata sana'ar. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa Malam, wasu suka ce ina mace ina sana'ar da ɓarayi ke sha'awa. Amsarsa ɗaya ce. Ya ce rabin kwaɗunan Daura suna ɗakunan da namiji ba ya shiga, akwatuna da durowoyin mata, kuma shekara arba'in ana farfasa su da taɓarya saboda shi ba shi da ikon wuce zaure.

Na sha biyowa in na taso daga makaranta in tsaya kallon karatun nan, don ni dai ban taɓa ganin aji mai daɗinsa ba. Ranar farko ya yanka wani kwaɗo gida biyu ya nuna mata cikinsa. Ashe wasu 'yan sanduna ne na tagulla, ba su fi ƙwayar shinkafa ba, kowanne da sifirin yana danna shi. Malam yana kiransu haƙora. Makulli yana ɗaga su gaba ɗaya, mai buɗewa kuwa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kayan aikin biyu ne kawai. Akwai lanƙwasasshen ƙarfe da ake sakawa a bakin kwaɗo a ɗan murɗa, shi yake kira mariƙi, sai tsinke mai ɗan ƙugiya a baki da ake ɗaga haƙoran da shi. Bai ba ta nasa ba. Ya sa ta karɓo siririn ƙarfen cikin tsohuwar waifar mota, abin goge gilashin nan, wurin Emeka, ta zauna da magagari ta fere nata da kanta.

Ya fara mata da kwaɗo mai haƙori ɗaya, sannan biyu. Matsalar Barakatu irin ta kowane sabon hannu ce, tana danna mariƙi da ƙarfi, haƙoran su cije, tsinke ya karye. Ta karya bakwai a wata guda.

"Barakatu, dambe kike yi da shi?" in ji Malam. "Yadda kike taɓa goshin jinjiri ki ji ko da zazzaɓi, haka za ki taɓa. Rufe idonki."

"Malam, da ido biyu ma ban gani ba."

"To ai shi ya sa. Rufe."

Ranar da ta fara jin ɗan "ƙis" ɗin nan na haƙori ya zauna a mazauninsa, sai da ta yi guɗa a tsakiyar kasuwa, ta kuma ji kunya ta rufe fuska da mayafi. Sannu ba ta hana zuwa, ta kai uku, ta kai huɗu. Daga nan ta tsaya cak. Wata huɗu mai haƙori biyar yana gagararta, kuma a watannin nan yatsun Malam suka ƙarasa mutuwa, har maɓallin riga sai an saka masa. Ba zai iya kama hannunta ya nuna mata ba, sai dai baki. Na taɓa samunsa shi kaɗai yana kallon tafin hannunsa, ya ce mini, "Malama, ina tsoron kada in bar ta a tsakiyar kogi." Tausayinsa ya kama ni.

Sai ga ranar da ta sa ba zan taɓa mantawa da mutumin nan ba. Mahaifiyarmu, Hajiya Maiturare, ta rasu da hantsin wata Talata bayan doguwar jinya. Tun zuwanta Makka ta sayo likkafaninta, ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya, ta ninke ta ajiye a durowar bango mai ƙofar ƙarfe a cikin ɗakinta. Ba ta da wasiyyar da ta fi nanata mini kamar wannan: "Rauda, a cikinsa za ku sa ni." Makullin kuwa a bakin zaninta yake ɗaure, kuma a kai-kawon jinya ya salwanta ba wanda ya lura. Muka birkice gidan, babu shi.

An sa jana'iza bayan azahar. Gawa tana cikin ɗakin, mata suna shirin wanka. Yayana Suhaibu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ko a kawo injin mai walda a yanke, ko a aika kasuwa a yanko sabon yadi.

"Yaya, tartsatsin wuta a kan Inna?" na ce. "Kuma in ya kama likkafanin fa?"

"To a sayo wani. Rauda, ba a ajiye mamaci saboda ƙyalle. Mutane suna cikin rana."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Na roƙe shi ya ba ni zuwa kiran salla, na aika wurin Malam.

Ya zo, amma ba shi da hannu, ba shi kuma da ikon shiga. Ya zagaya lungu ya tsaya a bayan tagar ɗakin, ya ba ta baya. Barakatu da suka zo tare ta shigo, ta durƙusa gaban durowar, ta duba kwaɗon, ta ce, "Malam, mai biyar ne."

"Na sani. Yi bisimilla."

Ina kallon gumi yana bin wuyanta. Ta ɗaga uku, na huɗu ya cije, tsinke ya fara lanƙwasa.

"Ina jin numfashinki, kin danne shi," in ji Malam ta taga. "Saki duka. Fara daga fari."

"Lokaci, Malam..."

"Ba ruwanki da lokaci. Hajiya ba ta taɓa yi miki gaggawa ba tana da rai. Sassauta."

Ta rufe ido. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Ni dai na ga yatsanta ya ɗan motsa, ya kuma motsawa, sai kwaɗon ya saki ya faɗo a cinyarta. Ƙamshin turaren Inna ya cika ɗakin, ga farin yadin a ninke yadda ta bar shi. A nan na yi kukan da na kasa yi tun safe.

"Nawa kika ji?" Malam ya tambaya.

"Biyar, Malam."

Yaya Suhaibu ya ce a nan cikin lungun dattijon ya zame ya zauna a ƙasa, ya ɗaga hannuwan nan nasa sama, hawaye yana bin gemunsa.

Yau Barakatu ce ake kira gidaje daga nan har Sandamu, da tsinkayenta a naɗe cikin mayafi, kuma ba ta taɓa kwaɗo sai da shaida.

Malam Kalilu, kai ne ka hana sana'ar nan hannun banza shekara arba'in, kai ne kuma ka toshe kunne da surutun gari ka damƙa ta a hannun da ya dace. Mun gode, ni da 'yan'uwana da duk macen da aka daina fasa wa akwati. Ku kuma masu sana'a, maƙera da masaƙa da masu ɗori, ku dubi dattijon nan. Ku nemi mai amana tun yatsunku suna ji, ko da ba daga inda kuke tsammani ya fito ba, ku zauna ku koya masa da haƙuri.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, Malam, don haka ban gani da idona ba. Amma Yaya ya gaya mini har da kai a masu ɗaukar makarar Inna. Ya ce an so a hana ka saboda hannun, ka ce a bar ka, kafaɗa tana nan. Allah ya saka maka da Aljanna.