Kunun Ilu

Ranar wata Talata ce, kwana biyu da saukar ruwan shuka, a shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Tun kafin hantsi muka bar ƙauyenmu na gabas da Guci, Inna a gaba riƙe da karne a cikin leda, wato ɗan littafin da ake rubuta nauyin yaro, ni a baya goye da ƙanena Ilu. Rairayi ya jiƙe ya kwanta, tafiya ba ta cin ƙafa, ga maza a gonaki suna sara, mata na bin su da iri. Awon wata-wata za mu kai shi gidan likita, kuma duk hidimomin gidanmu babu wadda nake so kamar ita.

Ilu nawa ne, haka kowa ke cewa. Tun yana wata biyar aka ɗora mini shi. Da shi a baya nake surfe, da shi nake zuwa rijiya, da shi nake 'yar gala-gala a ƙofar gida, kansa na rangaji, ƙawayena na yi mini tsiya wai zan karya masa wuya. In na taso daga lakwal, kafin in ajiye allo ya rarrafo ya kama zanena. Shi ya sa duk wata, in aka zura shi cikin wandon awo aka rataya yana wutsil-wutsil, tsinken ma'aunin ya ɗan matsa gaba, sai in ji kamar jarrabawa na ci. Madam mai awo ta san ni. Takan ce da Inna, "Yarinyar nan taki ta iya raino."

Amma wannan watan na san da magana. Mako uku kafin nan, Ilu na da shekara ɗaya da wata biyu, Inna ta wayi gari ta shafa wa nononta maɗaci, ta cire shi rana ɗaya. Ba wanda ya gaya mini dalili, sai dai ina da kunne. Na ji kakarmu tana faɗa ƙasa-ƙasa a bayan rumbu cewa Inna ta yi kwanika, ciki ya shiga alhali yaro bai isa yaye ba, kuma kada a kuskura a ji a waje. A wurinmu abin kunya ne babba, abin da mata za su samu na taunawa a bakin rijiya. Ilu ya ƙi kunu, ya ƙi fura. Ni nake zama da ludayi ina lallashi, ina yi masa kukan akuya, in ya buɗe baki zai yi dariya in zuba. Ɗan rabona na madarar da matan ruga ke kawowa, cikin kununsa nake juyewa, Inna tana gani.

Mun tarar da rumfar gidan likita cike da mata, kusan rabinsu 'yan ƙauyenmu. Da layi ya zo kanmu aka rataya Ilu, ko kukan kirki bai yi ba, tsinken ya koma baya. Madam ta dubi karne, ta tambayi Inna ko yana shan nono. Inna ta ce yana sha. Ta tambaya ko zawo ya yi, ta ce a'a. To me ya rage masa nauyi haka? Kowace mace a rumfar ta kasa kunne. Sai Inna ta nuna ni da haɓa.

"Wannan ce. In na dama masa kunu na ba ta, sai ta zaga bayan ɗaki ta shanye."

Da fari na zaci wasa take yi, har na soma murmushi. Madam ta ajiye biro ta ce, "Ƙatuwa da ke, ki ci rabon jariri? Ni da nake yabon ki!" Mata suka fashe da dariya. Gaskiya tana kan harshena, kalma ɗaya ce kawai in faɗa in wanke kaina. Na dubi Inna, na ga ta dafe ƙullin zanenta, idonta a ƙasa. Na haɗiye maganar, na karɓi Ilu na goya. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba.

A hanyar komawa ina ta jira ta juyo ta ce mini wani abu, ko da "yi haƙuri" ne. Muka wuce gawon da ake hutawa, muka wuce tabki, abin da kawai ta ce shi ne in ɗaga ƙafa, rana na yi. Washegari labari ya riga ni lakwal, aka raɗa mini Shanye-kunu. Bayan wata uku cikin Inna ya fito fili, mata suka yi dariyarsu ta mako guda suka manta. Ilu ya murmure kafin kaka. Ni kuwa sunan bai sake ni ba har na bar lakwal.

Yanzu a Magarya nake aure, a kan moto, wato babur, nake kai 'yata awo, ma'aunin ma na ɗorawa ne, lambobi ke fitowa da kansu. Inna ta tsufa, Ilu ya zama magidanci. A Babbar Sallar da ta wuce muna zaune a tsakar gida, sai ta tara 'ya'yana tana ba su labari tana dariya, wai uwarsu da tana ƙarama kunun kawunsu take shanyewa. Ilu ma ya yi dariya. Na zuba wa fuskarta ido ko zan ga wata alama, ban ga komai ba, ta daɗe da yarda haka aka yi. Ina kewar lokacin da in Inna ta faɗi magana ba na sake auna ta. Ƙaryar na yafe tuntuni, mantuwar ce ta fi ƙarfina.