Mama Nabbosa da layin Landan

Shekara ashirin da biyu Mama Nabbosa ta yi tana haɗa waya a kwalejinmu da ke Kampala. Duk kiran da zai shigo sai ya bi ta hannunta, kuma da jin tarin mutum ta san ko wane ne.

Wata Talata a 1991 da azahar, kira ya shigo daga Landan. Ta gaisa, sai ta ji wani irin ƙugi da shewa, ta katse. Washegari ma haka. Ran Alhamis sai ga Dakta Byaruhanga, malamin lissafi, ya faɗo ɗakinta yana haki.

"Mama, wasiƙunmu kike yankewa! Kwamfuta ce a Landan take kiran tamu ta zuba mata saƙonni."

"To ta koyi gaisuwa mana," in ji ta. "Mu je in gani da idona."

Ya nuna mata wasiƙar wani likita daga Kanada, wadda ta iso kwana ɗaya da rubuta ta. Ta karanta har ƙarshe, sannan ta duƙa ta duba inda aka jona wayar.

"Ɗana, wa ya ba ka layi na huɗu? Ta cikin kwata ya bi, ana yin ruwa zai shaƙe. Na bakwai zan ba ka."

Tun daga ranar, ƙarfe ɗaya na yi ba mai taɓa layi na bakwai. Wata rana ina zaune ina cin matoke, wato dafaffiyar ayaba, a ɗakinta sai shugaban kwaleji ya bugo yana neman layin waje.

"Ranka ya daɗe, Landan na magana. Minti goma," ta ce, ta ajiye. Ya kuwa jira.

Kunnenta ya saba da ƙugin har ta fi Daktan ganewa. In ta ce "yau ba zai kama ba," sai a sake kira.

Bayan shekara biyar aka kawo na'ura mai haɗa waya da kanta. Muka zaci sallamarta za a yi. Ita ko a jikinta, ta ɗauki kujerarta ta koma ɗakin kwamfuta ta ce wa Dakta, "Matsa." Furofesoshin da ke tsoron taɓa madannan kwamfuta, ita ta koya musu, da faɗa da tsiya.

A 2003 ta yi ritaya ta koma ƙauyensu kusa da Masaka. Da na kai mata ziyara bara, na tarar ta tara matan ƙauyen suna shirin haƙa rijiya, ita ce shugaba.