Igiyar da Malam Yero Ya Naɗe a Hannu

Malam Yero ya haura shekara hamsin kafin ya taɓa sa ƙafa a kwalekwale, kuma ni na saka shi. Sunana Ɗanliti, masunci ne ni, gidana yana Ƙofar Kwaya. Da asuba nakan hau babur in tafi dam, in dawo da kifi Babbar Kasuwa kafin la'asar. A nan kasuwar na san shi: dogo, siriri, mai ƙarancin magana. Yakan tsaya kusa da teburina yana kallon kifi, bai taɓa taya ko ɗaya ba.

A ruga aka haife shi, yamma da Katsina, ya tashi a bayan shanu. Waɗanda suka san shi a can sun ce ba a yi bijimin da ya taɓa ƙwacewa daga hannun Yero ba. Ɓarayin daji suka kore garken a yini ɗaya, ya kwaso iyalinsa ya kama ɗaki biyu a Kambarawa. Ya gwada gadi, zaman wuri ɗaya ya kusa zautar da shi. Ranar da ya buɗe baki ya ce in koya masa su, wato kamun kifi, dariya na yi, don a ganina iyakar Bafulatani da ruwa ya shayar da dabba ya wuce. Shi bai yi dariya ba. Kunya ta kama ni, na ce ya zo.

Da yammacin ranar matarsa Hajo ta zo gidana, ta tsaya daga bakin zaure. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Malam Ɗanliti, baban Fadila bai iya ruwa ba hwa. Hannuwan nan nashi su kaɗai suka rage mamu. Amana na kawo maka."

Na ce, "In Allah ya yarda yadda ya tahi haka za shi dawo." Na faɗa da sauƙin baki, irin na wanda bai taɓa rasa kowa a ruwa ba.

Sati uku muna kan raga, ya ba ni mamaki. Yana da haƙuri, yana karanta hadari fiye da ni, kuma ba ya cika mini kunne. Sai na ga lokaci ya yi da zan nuna masa abin da ke hana ni barci: giwan ruwa. Babbansa yakan kai nauyin ƙato, ba ya zama a raga, yaga ta yake yi ya wuce. Shekara ashirin ina bin sa, biyu kawai na kama, su ma matsakaita.

Hanyar kama shi ita ce a ja ƙugiya a bayan jirgi. Ana maƙala ɗan karfasa mai rai a babbar ƙugiya, a saki igiyar roba kamar gaba talatin, mai tuƙi ya bi gefen da ruwa ya faɗa zurfi a hankali, kada ya tsaya, kada ya yi gudu. Ƙarshen igiyar yana ɗaure a gora, babbar ƙwaryar nan rufaffiya da ba ta nitsewa. Na zaunar da Yero a baya na ba shi igiyar.

"Bisa yatsu za ka aza ta, kamar mai jin bugun jijiya," na ce masa. "In ka ji ɗan tsinke-tsinke, ƙanana ne, rabu da su. In shi ne, ba sai an gaya maka ba. Kada ka ja, kada ka riƙe. Ka wurga goran ga cikin ruwa, mu bi shi har ya gaji don kanshi."

"In sake shi ke nan?"

"Ka sake shi."

"To, in ya tahi hwa?"

"Ina za shi tahi? Dam ce, ba daji ba. Malam Yero, kome za ka manta ka manta, amma kada ka naɗe igiyar ga a hannu."

Ya ce ya ji. Ni ma na ɗauka ya ji.

Kwana huɗu ba mu ji komai ba. Ran na biyar, da hantsi, muna daidai inda tsoffin itatuwa suka nitse, jirgin ya tsaya cak kamar mun daki dutse. Na waiwaya. Goran yana nan a ƙasan jirgi ba a taɓa shi ba. Yero ya riga ya naɗe igiyar sau uku a hannun dama, ya kafa dugadugansa a katako, ya kwanta da baya. Hannun ne ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in in sa ya fizga, kafin maganata ta iso masa.

"Wurga goran," na ce. "Warware hannunka."

Bai ko dube ni ba. Yana ta magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, yana lallashin abin da ke ƙarƙashin ruwa yadda ake lallashin bijimi. Kifin ya juya jirgin, ya fara jan mu da baya zuwa tsakiya. Gefen da Yero yake ya sunkuya, ruwa ya fara shigowa yana taruwa a ƙafafunmu. Babu wani jirgi kusa, gaɓa kuwa ta yi nisan da ko ni sai na yi da gaske.

Igiyar shanu kauri gare ta, tana zama a kan fata. Igiyar fatsa siririya ce, shiga take yi. Na ga ta nitse a yatsunsa har ba a ganinta, jini ya biyo tsintsiyar hannu yana ɗiga daga gwiwar. A lokacin ya gwada warwarewa da hagu, ta ƙi. Can ya ɗago ya dube ni, na ga tsoro a idonsa karon farko tun da na san shi.

Na ajiye filafilin tuƙi, na zare wuƙa, na rarrafa ta tsakiyar jirgin da ciki, don in na miƙe mun kife. Ina isa kusa da shi, kifin ya taso. Na ga bayansa, fari sol, ya kai rabin tsawon jirgin, ya buɗe bakin da tulu zai shiga, ya sake nitsewa.

Wuƙar tana kan igiyar, ban yanke ba. Raina ya ce mini ya fara gajiya, in na kama igiyar ta gaba na sassauta wa Yero, watakila mu samu duka biyu. Na kai hannu, ta zame, na sake kaiwa. Ban san tsawon lokacin ba, numfashi biyar ko shida. Sai kifin ya yi fizgar da ta ɗaga Yero daga mazauninsa, ƙirjinsa ya daki bakin jirgi, na ji wani ƙas a hannunsa. Sannan na yanke.

Na ɗaure hannun da rawaninsa, na tuƙa zuwa gaɓa kamar mahaukaci, na goya shi a babur zuwa asibiti a cikin gari. Yatsunsa biyu, manuniya da ta tsakiya, ba su tsira ba. Likitan ya ce yankan farko da an ɗinke shi, fizgar ƙarshe ce ta raba ƙashin.

Bayan wata biyu Yero ya dawo ruwa, kuma yana nan har yau. Ya zama gwanin raga, kifinsa ne ke ciyar da gidansa. In sabon shiga ya zo, shi ke fara yi masa bayanin gora, ya ɗaga hannun ya ce laifinsa ne, an gaya masa bai ji ba. Abu ɗaya ya gagare shi, ƙullin ƙugiya. Kullum da safe sai ya miƙo mini ita da igiya, ya kau da kai yana kallon ruwa har in gama.

In ya karɓa yakan ce, "Allah shi saka, Malam Ɗanliti. Ba don saurin wuƙarka ba da yanzu an daɗe da sadakar bakwai ɗina."

Nakan ce amin. Shekara huɗu ke nan ina shirin gaya masa, kullum sai in ce bari in gama ƙullin tukuna.